Wai waye Victor Uwaifo ɗin nan? Na tsinci faifansa a kayan Baba

Abba_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah manyan da ke nan ina da tambaya. Satin da ya wuce muna gyaran ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai muka jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, mukullin ma ya ɓace sai da muka ɓalle kwaɗon. Ciki duk takardun aikinsa ne na reluwe da hotuna, sai can ƙasa faya-fayai na da, irin baƙaƙen nan masu rami a tsakiya, an naɗe su da tsohon zanin Hajiya. Akwai na Shata, akwai na Ɗan Maraya, waɗannan ban yi mamaki ba. Amma guda uku na wani ne wai Sir Victor Uwaifo, ɗaya an rubuta Joromi a jiki. Wallahi ni abin da na sani da wannan suna waƙar mawaƙiya Simi ce kawai, ashe akwai wata tun kafin a haifi babarta ma ƙila.

Na tambayi Hajiya tace lokacin da suke zaune a unguwar Ebute Metta a Legas Baba ba ya wuce Lahadi bai saka faifan nan ba, ita har haushi take ji don ba ta jin ko kalma ɗaya. Na ɗan duba a waya sai na ga wani wuri an ce mawaƙi, wani wuri an ce mai sassaƙa, wani wuri farfesa, wani kuma kwamishina. To wai duk mutum ɗaya ne ko suna ne ya zo ɗaya? Kuma me Bakano kamar Baba, mutumin da ko murmushi sai an roƙa, ya gani a waƙar da ba ya jin yarenta?

Tsohon_Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta, Allah ya ba ku haƙuri. Jikata ce ta nuna min tambayarka tace Kaka ga irin hirarka nan, ita ke rubuta min ina faɗa, idan an ga kuskure nata ne.

Mutum ɗaya ne ɗana, ba biyu ba. Kuma kada ka yi mamakin babanka, duk wanda ya zauna Ikko a shekarun nan ya san mutumin nan ko yana so ko ba ya so. Ni na sauka Agege ina yaron mota kafin yaƙin basasa, kuma a lokacin Joromi ta riga ta cika gari, 1965 ta fito. Kantin mai sai da faifai ita, gidan biki ita, mai shayi ya kunna rediyo ita. Mu da muke kwana a tasha har mun haddace amshin muna yi, ba mu san me muke cewa ba, Yarabawan ma da yawa ba su sani ba don ba yarensu ba ne, yaren mutanen Benin ne. Sai daga baya wani abokin aikina mutumin can ya ba ni labarin, yace ai tatsuniya ce tasu, Joromi wani ɗan kokawa ne da ya kada kowa a duniya har ya rasa abokin karawa, aka gargaɗe shi bai ji ba ya tafi neman kokawa da mutanen ɓoye. Nace to ai wannan irin namu ne, mu ma muna da masu taurin kan nan a tatsuniya.

Abin da ya ja mu kam jitar ce. Ka san mu mun taso da garaya da molo da kuntigi, kunnenmu ya saba da tsirkiya, to shi yadda yake tsinkar jitar nan ɗaya bayan ɗaya tana fita tar-tar kamar ana zuba tsakuwa a faranti, ba ka buƙatar tafinta. Na fara ganinsa da idona a talabijin ne, a wani shago da ake barin akwatin a kunne yara da manya mu taru a waje. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi, ƙirji kamar ɗan dambe, ya ɗaga jita ya kai ta bayan wuya yana kaɗawa, ya sa haƙori, ya sa ƙafa, daga baya ma ya zo da wata mai wuya biyu da yake juya ta tana wulwulawa a gabansa kamar fanka. Wani dattijo da ke tsaye kusa da ni yace wannan yaro ba shi kaɗai ba ne. Muka yi ta dariya amma fa a zuci da yawa sun yarda.

Da yaƙi ya zo a 1967 makaɗan hailaif da yawa 'yan gabas ne suka bar Ikko suka koma gida, kiɗan juju na Yarabawa ya samu fili. Shi yana cikin 'yan kaɗan da ba su nutse ba. Bayan yaƙi ya koma garinsu Benin ya gina otal ya sa masa sunan waƙar nan, na sha wucewa ta garin da kaya ina ganin allon.

Malam_Mai_Zane ya amsa:

Baba Direba Allah ya ƙara lafiya, ka ba mu abin da babu a littafi. Bari in ɗan cike wa Abba ɓangaren da na sani, tunda ni zane nake koyarwa a sakandare kuma mutumin nan kusan duk shekara sai na kawo shi a aji.

An haife shi 1 ga Maris 1941 a birnin Benin, jihar Edo ta yanzu, ya rasu 28 ga Agusta 2021 yana da shekara 80. Abin da mutane suke juyawa shi ne suna ɗauka mawaƙi ne da ya tsufa ya koma wasa da laka. A'a, zanen shi ne karatunsa tun farko. Ya yi kwalejin St Gregory a Legas, sannan ya shiga kwalejin fasaha ta Yaba ya karanta zane-zane daga 1961 zuwa 1963, ya kama aiki a gidan talabijin na tarayya a ɓangaren zane. Kiɗan da dare da ƙarshen mako yake yi, ya bi ƙungiyar Victor Olaiya, ya bi ta E.C. Arinze, sai 1965 ya kafa tasa mai suna Melody Maestros. Joromi ta yi kasuwar da kamfanin Philips ya ba shi faifan zinare, wanda ake lissafa shi na farko da wani mawaƙi ya samu a Afirka.

Wurin da ya fi burge ni shi ne nan. Akwai wani saƙi da ake kira akwete, matan wani gari mai wannan suna a jihar Abia ke saƙa shi, kala-kala ne da zubi mai maimaituwa. To shi da ya zauna yana kallon zanin nan sai yace ai wannan kiɗa ne, ya ba kowace murya ta kiɗa kalarta, ya dinga bin jerin kalolin saƙar yana fitar da sauti, ya sa wa salon suna akwete. Ku duba fa, mu nan muna kallon saƙi da aska takwas a wuyan babbar riga kullum, wa ya taɓa cewa bari in kaɗa wannan ɗinkin? Idon mai zane ne ya ba shi wannan, makaɗi zalla ba zai gani ba. Na taɓa gwadawa da 'yan ajina, na shimfiɗa luru a tebur nace fari tafi ɗaya, baƙi buga tebur, shuɗi shiru, kafin a tashi ajin ya zama gidan biki har shugaban makaranta ya leƙo ya ga ko lafiya.

Bayan akwete a farkon shekarun 1970 ya ɗauko ekassa, wata rawa ce ta fadar Oba, wato sarkin Benin, da ake yi lokacin naɗin sarauta, ya ɗora ta a jita da ganguna na zamani. Idan faya-fayan babanka akwai mai lamba a gaban sunan ekassa to na wannan zamanin ne, haka yake jera su da lamba. Wani kamfanin Ingila mai suna Soundway ya tattara waƙoƙin wannan lokacin ya sake fitarwa a 2008, shi ya sa za ka ga Turawa suna neman tsofaffin faifan da kuɗi mai kyau. Kada ka bari wani ya yaudare ka ya karɓe a banza.

Sai kuma abin da nake gaya wa ɗalibai. Mutumin nan yana da suna, yana da kuɗi, yana da otal da situdiyo, Shagari ya ba shi lambar girma ta MON a 1983, sai ya tashi yana da shekara hamsin da 'yan kai ya koma jami'ar Benin ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Ya gama digirin farko a 1995 da sakamako mafi daraja, yana da shekara 54, ya yi na biyu a 1997, ya ci gaba har digirin digirgir a sassaƙa, ya kuma koyar a wannan sashen. Daga nan ake ce masa Farfesa. Kwamishina kuwa a zamanin gwamna Lucky Igbinedion ne, ya riƙe al'adu da yawon buɗe ido daga 2001 zuwa 2003. Ka ga duk abin da ka gani a waya gaskiya ne, rayuwar ce ta yi tsawo kuma bai zauna wuri ɗaya ba.

Maman_Haidar ta amsa:

Kai wannan hira ta tuna min da bautar ƙasa wlh. A Benin na yi, kuma mun je gidansa mu wajen goma sha, kofofi, wata Asabar da ba mu da abin yi. Gidan nasa ya mai da shi gidan tarihi, Revelation Tourist Palazzo ake ce masa. Tun daga waje abin mamaki ya fara don akwai wani ɓangare da aka gina shi kamar jirgin sama ya sauka a jikin gida, da tagoginsa da komai, wata ƙawata 'yar Gusau tace ita ba ta shiga sai an tabbatar mata ba tashi zai yi ba.

Ciki kuma ba zan ɓoye muku ba tsoro na ji. Mutum-mutumi ne ko'ina girman mutum, sarakunan Benin da muƙarrabansu da jajayen murjani a wuya, ga wani wuri na cinikin bayi mutane ɗaure da sarƙa, wani lungun duhu ne ka juyo kawai ka yi ido biyu da fuska. Ni da na taso gidan da ko hoto ba a ratayewa a bango sai da na dinga karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Amma da na nutsu sai na lura da hannun aikin, jijiyar bayan hannu, lanƙwasar yatsun ƙafa, yadda zani ya tattare a ƙugu, kai mutumin nan ya kalli mutane da kyau kafin ya taɓa siminti. Wani ɗakin kuma kayan kiɗansa ne da faya-fayai da hotunansa tun yana saurayi.

Kuma idan ka zauna a garin za ka gane ba daga sama ya faɗo ba. Akwai titin Igun inda maƙeran tagulla suke, gado ne tun kaka da kakanni, kana wucewa kana ganin suna narka ƙarfe suna zubawa. Su ne zuriyar masu kayan tagullar nan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 lokacin da suka ci garin suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, kayan da har yanzu ake ta fama a dawo da su. Yaron da ya taso a garin nan sassaƙa a wurinsa kamar rini ne a wurin ɗan Ƙofar Mata.

Ni dai abin da ya tsaya min shi ne zancen komawa makarantar nan da Malam ya kawo. Ina da shekara 41 yanzu, yara huɗu, shekara uku kenan ina cewa zan koma in yi digiri na biyu ina jin kunyar zama da yara. Maigida ma cewa yake me ya rage. Bari in tura masa wannan shafin in ga abin da zai ce.

Sadiq_Gaskiya ya amsa:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Duk kun yi ta yabo ba wanda ya faɗi cewa mutumin nan da bakinsa yace ya ga aljanar ruwa, mamiwata, a bakin teku a Legas da dare yana kaɗa jita, har ta kira shi, har ya yi waƙa a kai. To mutumin da ke faɗin wannan kuma ya cika gidansa da gumaka shi ne za mu zauna muna cewa abin koyi? Kuma Malam da kake kai shi aji, ba mu da namu ne? Shata nawa ka koyar?

Malam_Mai_Zane ya amsa:

Malam Sadiq ba ka ɓata komai ba, zancen gaskiya ne, ya faɗa kuma bai taɓa janyewa ba har ya mutu, a Bar Beach yace abin ya faru lokacin yana aikin talabijin yana zuwa can bayan an tashi, daga nan laƙabin Guitar Boy ya bi shi. Ko ya gani ko gajiya da iskar teku ce ni ban je wurin ba. Amma mu yi wa kanmu adalci, wane babban makaɗi ne a ƙasar Hausa ba a jingina masa iskoki ba? Labarin da ake bayarwa a kan Shata kaɗai ya isa littafi. Bambancin shi ne namu mutane ke faɗa a kansu, shi kuma da kansa ya faɗa, kuma ya san zancen na sai da faifai.

Zancen sassaƙa kuma ba na jayayya da kai, hukuncinsa a addininmu sananne ne, shi kuma ba musulmi ba ne, al'adarsu daban. Ba na ce wa yara su je su sassaƙa mutum. Abin da nake nuna musu shi ne mutum ɗaya zai iya riƙe sana'a fiye da ɗaya ya kuma iya su duka, kuma shekaru ba su rufe ƙofar aji.

Amma tambayarka ta ƙarshe ta taɓa ni, don ina koyar da Shata kuma duk lokacin da na zo wurin sai raina ya ɓaci. Shata ya rasu 1999, jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa tun yana raye, waƙoƙinsa ba wanda ya san iyakarsu. Ɗan Maraya ya rasu 2015. To in ɗalibina yace Malam kai ni in ga kalangun da aka yi wa Shata kiɗa da su, ko rigar da ya sa, ko in ji waƙoƙin a jere da shekarun da aka yi su, ina zan nufa da shi? Yawanci abin yana hannun masu kaset a kasuwa da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da akwatuna irin na baban Abba. Shi wancan bai jira gwamnati ko magada ba, da hannunsa ya tara kayansa ya gina musu ɗaki tun yana da ƙarfi. Wasu za su ce son kai ne mutum ya gina wa kansa gidan tarihi, ƙila ma haka ne, amma ga shi Maman Haidar ta je ta gani ta dawo tana ba mu labari.

Tsohon_Direba ya amsa:

Sadiq jikana, a bar wa Allah abin da ke tsakanin bawa da shi. Mu dai da muka ji kiɗan a lokacinsa ba aljana muka gani ba, yatsu muka gani.

Abba ka tambayi me babanka ya gani. Ni ban san shi ba amma na san irinsa, ma'aikatan reluwe da muke haɗuwa da su a tashar jirgin ƙasa ta Iddo a Ikko. Mutum ya baro Kano yana saurayi, yana cikin Yarabawa da Ibo da mutanen Benin da Saro 'yan asalin Saliyo, albashi ya shigo ya sayi rediyo mai faifai, to Shata na tuna masa gida, wannan kuma na tuna masa shi ma ɗan birni ne yanzu. Da ya koma Kano ya zama Alhaji mai ɗaure fuska sai ya naɗe wancan saurayin a zani ya tura ƙarƙashin gado. Nima nawa yana nan, ba zan faɗi inda yake ba don mai rubuta min tana ji.

Abba_Fagge ya amsa:

Wallahi Baba Direba ka sa ni hawaye ka kuma sa ni dariya. Na karanta wa Hajiya amsarka tace a gaya maka ka faɗi gaskiya, wai har wando mai faɗin ƙafa Baba yana da shi a lokacin, ita ta kyautar da shi da suka dawo. Na gode Malam, na gode Maman Haidar, Allah ya sa maigida ya sa hannu. Na duba, biyu ƙanana ne ɗaya babba, kuma babban an rubuta ekassa da lamba kamar yadda Malam yace. Yanzu matsalar ita ce na'urar, wani maƙwabcinmu yana da tsohon garmaho na kakansa irin mai wanawa da hannu yace in kawo mu gwada gobe.

Injiniya_Bala ya amsa:

Abba tsaya!! Kada ka kai su wurin garmahon nan dan Allah. Mai wanawa da hannu na faifan da ne masu nauyi masu gudun 78, wato zagaye 78 a minti ɗaya, allurarsa ƙarfe ce, kan kuma nauyi gare shi, naka na roba ne, sau ɗaya za ta bi ta kai ta ƙwaƙule layin gaba ɗaya shikenan ka rasa. Ƙananan naka masu gudun 45 ne, babban 33, duba tsakiyar za ka ga an rubuta. Na lantarki za ka nema mai allura mai laushi, masu gyaran rediyo na Sabon Gari ba a rasa mai ita a ajiye, ka je da faifan da kanka ka tsaya a kai kada ka bari a can. Kafin nan ka wanke su da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, tsumma mai laushi kana bin zagayen layin ba tsallakewa ba, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka bar su su bushe a inuwa. A tsaye ake ajiye su ba a kwance ba, kuma nesa da rana don zafin Kano zai lanƙwasa su kamar gurasa. In an samu ya yi ka haɗa waya ka ɗauka ka saka mana a nan, har na Shatan, ina so in ji ko wanne ne.